Kanwa, Wankan Jego da Gazawar Zuciya: Tarihin Wata Al'ada a Hanyar Jibiya

Wanda duk ya tashi daga birnin Katsina ya fuskanci yamma maso arewa, ya kama titin da ya nufi Maraɗi, ba zai cika sa'a guda a mota ba sai ya iske kansa a Magamar Jibiya, inda ma'aikatan kwastan da na shige-da-fice suka kafa shingensu, inda kuma a bisa takarda ƙasar Nijeriya ta ƙare ta Nijar ta soma, alhali harshe bai sake ba, sutura ba ta sake ba, sau da yawa ma mai sayarwa a wannan gefe da mai saye a wancan gefe kakansu ɗaya. Iyakar nan ƙuruciya gare ta in an gwada ta da zumuncin da ta ratsa. Bayan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi ƙaura arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa musu sabuwar daula a Maraɗi wajen 1819, dajin da ke tsakanin biranen biyu ya zama fagen hari da ramuwa kusan ƙarni guda. Sa'an nan Ingila da Faransa suka zo suna ja-in-ja a kan inda layi zai bi, suka ƙulla yarjejeniya a 1898, suka gyara ta a 1904 da 1906, kana jami'ansu, Tilho da O'Shee, suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Da jirgin ƙasa ya soma aiki a Kano a 1912, gyaɗar ƙasar Maraɗi ta riƙa biyowa ta nan domin ta tarar da shi, Jibiya ta zama ƙofa, kasuwarta ta bunƙasa, har yau kuma haka take.

Cikin dukan hajojin da suka gangaro daga arewa suka shiga ƙasar Katsina, na ga babu wadda ta kutsa cikin ɗakunan mata kamar kanwa, kuma babu wadda malaman likitanci suka yi muhawara a kanta kamarta, saboda an daɗe ana tuhumarta da hannu a cikin wata cuta mai kama zuciyar mace bayan haihuwa, cutar da bincike ya nuna ta fi yawa a ƙasar Hausa bisa kusan ko'ina a duniya. Tarihin wannan tuhuma, da yadda aka kafa mata hujja, da yadda daga baya aka sake auna hujjar, ya cancanci kowane magidanci ya san shi, domin ran matarsa ko na 'yarsa yana iya ratayuwa a kansa.

Kanwa ba a ƙasar Katsina ake haƙo ta ba. Tana fitowa ne daga fadamun Manga da Muniyo a gabashin Damagaram, da gaɓar Tafkin Chadi inda ake samun irin wadda ake kira ungurnu, da kuma kwarin Kawar a tsakiyar Sahara, wurin da gishirin Balma yake fitowa. Idan ruwa ya ƙafe da rani sai ta taso a bisa ƙasa, a kankare ta ko a fasa ta dunƙule-dunƙule, fatake su ɗora wa jakuna da takarkari, Buzaye su ɗora wa raƙuma. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth da ayarin gishiri na Abzinawa ya sauko, ya bi ta Tasawa da Gazawa ya iso Katsina a watan Janairun 1851, kuma ya ga da idonsa yadda wannan fatauci yake ɗaure da rayuwar ƙasashen biyu: arewa ta kawo gishiri da kanwa, kudu ta ba da hatsi da tufafi. Amfaninta kuwa ya wuce ƙidaya a wurin Bahaushe. Makiyayi na ba shanu da dawakai, marini na bukatarta, majemi na bukatarta, mai garin taba ba ya rabuwa da ita, uwargida na jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, ta sa a miyar kuɓewa don ta yi yauƙi, mai kumburin ciki kuma ya jiƙa ya sha. Da masana suka auna ta a ɗakin gwaji, sai suka tarar mafi yawan abin da ke cikinta sinadarin sodiyam ne, watau shi ne dai ƙarfin da ke cikin gishirin miya, wanda ɗabi'arsa ita ce riƙe ruwa a cikin jiki.

Amma darajar kanwa mafi girma a gidan haihuwa take. Idan mace ta sauka, musamman haihuwar fari wadda akan mayar da ita gidan iyayenta domin wankan gida, tun kafin ranar suna an riga an tara itace, an girke babbar tukunya, safe da maraice a tafasa ruwa, ungozoma ko gwaggo ko kaka ta ɗauki damin ganyen darbejiya ko na tsamiya tana tsomawa tana fyaɗa wa mai jego a jiki, har kwana arba'in, a wasu gidaje ma a zarce. A wasu sassa, musamman ƙasar Zazzau, akan kwantar da ita a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Ga kauri, ga yajin jego, ga kuma kunun kanwa kwarya guda da zafinsa, wanda aka ce yana kawo nono, yana wanke ciki, yana mayar da ƙarfin da ya tafi. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana wannan wanka a matsayin abin da ta taras ana yi tun tana yarinya, watau tun kafin zuwan Turawa.

Asalin al'adar wata fahimta ce da magabata suka yi wa jikin ɗan Adam, cewa mai haihuwa jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, kuma babban maƙiyinta sanyi, wanda in ya sami kafa ya shige ta zai sa ta kumbura, ta lalace, watakila ta rasa ranta. Saboda haka aka yi masa taron dangi da wuta da ruwan zafi da yaji da kanwa. Ya kamata a lura cewa shari'a ba ta wajabta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da fiƙihu ya yi magana a kai shi ne jinin biƙi da wankan tsarki idan ya ɗauke, kuma a mazhabar Imamu Malik, wadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana, iyakar nifasi kwana sittin ce, da zarar jini ya yanke kuwa mace ta yi wanka ta yi salla ko da kwana kaɗan ne da haihuwa. Wankan jego al'ada ce tsantsa, al'ada kuwa hukuncinta yana bin maslaharta: inda ta amfana a riƙe ta, inda ta cutar a gyara ta.

Kuma lalle akwai maslaha a cikinta, wadda duk mai adalci ba zai ƙi faɗa ba. Mace ce wadda ba ta san hutu ba tun da aka kai ta ɗaki, tana daka tana niƙa tana ɗebo ruwa, sai ga kwana arba'in da aka ɗauke mata aiki, aka ba ta nama, aka kewaye ta da iyaye da 'yan'uwa, aka nisanta ta da miji har jikinta ya koma, idon manya yana kanta dare da rana. Ƙasashe da yawa masu arziki suna sallamar mace daga asibiti kwana biyu da haihuwa ta koma gidan da babu mai miƙa mata ko ruwa. Abin takaicin shi ne, idon nan da yake kanta bai san abin da ya kamata ya nema ba. Idan ƙafafunta suka kumbura, fuskarta ta yi suntum, ta soma haki daga ɗaki zuwa bayan gida, tari ya hana ta barci, ta kasa kwanciya sai a zaune ta jingina da bango, abin da akan ji a tsakar gida shi ne, "Sanyi ne ya shige ta, wankan bai kama ta ba, a ƙara wuta, a dama mata kunu." Waɗannan alamu kuwa, kamar yadda ilmi ya tabbatar daga baya, su ne alamun zuciyar da ta gaza tura jini.

Sanin aikin zuciya ya daɗe yana tafe a hankali. Ibn Nafis, malamin ɗibbu na Alƙahira wanda ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana cewa jini yana fita daga sashen dama na zuciya ya ratsa huhu kafin ya komo sashen hagu. William Harvey na Ingila ya kammala bayanin kewayawar jini a 1628. William Withering ya wallafa littafinsa a 1785 game da wani ganye mai sauke kumburi, wanda daga danginsa ne aka fitar da digoksin da ake ba masu ciwon zuciya har yau. Mu ma a nan malamanmu ba su yi sakaci da ilmin magani ba, gama Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi talifi a kan ɗibbun Annabi da kuma maganin basur. Ita kuwa gazawar zuciya ta bayan haihuwa, likitocin Amurka sun siffanta ta a 1937, aka kuma tsara mata sharuɗɗan ganewa a 1971, amma a can cuta ce da likita kan daɗe bai gamu da ita ba.

A Zariya ne al'amarin ya bayyana da girmansa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta buɗe sashen koyon likitanci a 1967, kuma a 1969 Farfesa Eldryd Parry ya zo ya shugabanci fannin cututtukan manya. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka lura cewa ɗakin mata yana cika da masu jego kumburarru masu haki, suka ɗauki mata 224 suka bi lamarinsu shekara da shekaru, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun tarar kusan dukan matan nan Hausawa ne da Fulani, alhali asibitin yana karɓar ƙabilu iri-iri. Sun tarar cutar ta fi tsananta a lokacin zafi da damina, ta kai ƙololuwa wajen watan Yuli. Sun tarar da yawansu jininsu ya hau lokacin da aka kawo su. Kuma aka ƙiyasta cewa a yankin tana kama mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100. Wani abin da ya ƙarfafa zatonsu shi ne yadda mafi yawan matan suke samun sauƙi da gaggawa da zarar an raba su da wuta da kanwa, an ba su digoksin da maganin sa fitsari.

Bayanin da suka bayar mai shiga hankali ne ƙwarai. Zuciyar baligi tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini da dare, tana tura jini wajen lita 5 a kowane minti. Idan mace ta ɗauki ciki jininta yakan ƙaru da kusan rabi, kuma bayan ta haihu jiki yana bukatar makonni kafin ya zubar da wannan ƙari. To a daidai lokacin da ya kamata ruwa ya ragu, sai sodiyam na kanwa ya riƙe shi. Zafin wanka da na gado ya buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ta ƙara gudu. Ga ƙarancin jini na mai haihuwa, ga hawan jini a wasu. Misalinta kamar jakin fatake ne da ya iso zango a gajiye, maimakon a sauke masa mangala sai aka ƙara masa wata aka kora shi hawan tudu. Daga nan labarin kanwa da wankan jego ya shiga manyan littattafan likitanci na duniya, aka riƙa karantar da shi a makarantu, ma'aikatan lafiya kuma suka shiga gargaɗi a asibitoci da gidajen rediyo.

Sai dai ilmi ba ya tsayawa inda malami ɗaya ya ajiye alƙalami. An ga cutar nan da yawa a Haiti, inda aka ƙiyasta mace ɗaya cikin haihuwa 300, da Afirka ta Kudu, inda aka ƙiyasta ɗaya cikin 1,000, kuma babu mai shan kunun kanwa a can. A Japan kuwa ba ta wuce ɗaya cikin 20,000 ba. A ƙetaren iyaka, a babban asibitin Yamai, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa suka auna jinin mata masu wannan ciwo, suka wallafa a 1992 cewa wani sinadari mai suna siliniyam ya yi ƙaranci ƙwarai a jikinsu in an gwada da masu shayarwa lafiyayyu. Siliniyam abu ne da jiki ke bukatar ɗan kaɗan daga gare shi, daga ƙasa yake shiga hatsi, daga hatsi ya shiga mutum, kuma an riga an san rashinsa yana raunana naman zuciya tun daga annobar da ta auku a gundumar Keshan ta ƙasar Sin a 1935. A Sakkwato ma, binciken da Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka wallafa a 2007 ya sami cutar a mace ɗaya cikin haihuwa 102, watau bayan shekara talatin na gargaɗi adadin bai motsa ba.

Aikin da ya fi kowanne faɗi shi ne wanda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka sa wa suna PEACE. An fara shi a 2017 a asibitoci 22 na sassan Nijeriya, aka tattara mata 406 masu wannan ciwo, aka gwada su da takwarorinsu masu lafiya, wannan karon da na'urar hoton zuciya wadda take nuna ƙarfin bugawarta a fili. Mafi yawansu daga Arewa maso Yamma suka fito, kuma a Kano adadin ya kai mace ɗaya cikin haihuwa 96. Da aka zo tantance sababi, sai wankan jego da kunun kanwa suka kasa tsayawa a matsayin abin da ya bambanta masu ciwo da masu lafiya. Abubuwan da suka tsaya su ne rama da ƙarancin nauyin jiki, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini na lokacin ciki wanda kan kai ga jijjiga. Cikin waɗanda aka bi lamarinsu wajen shekara ɗaya da rabi, kusan kashi 19 cikin 100 sun rasu, waɗanda zuciyarsu ta koma daidai kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani binciken na Kano ya sami matsanancin ƙarancin siliniyam a fiye da kashi uku cikin huɗu na masu ciwon, kuma gwajin farko da aka yi na ba su shi ya nuna raguwar alamun cuta, ko da yake mas'alar tana bukatar gwaji mafi girma.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa an wanke kanwa tas, ko kuwa malaman Zariya sun yi kuskure. Abin da ya fi kusa da tahakiki shi ne, sun ga mata a zamanin da ake tsananta al'adar, da wuta a ƙarƙashin gado da kanwa mai yawa, har ruwa ya yi wa zuciya yawa ko da namanta bai lalace sosai ba, shi ya sa suke saurin warkewa. Kuma da aka bi waɗannan mata fiye da shekara ashirin, an tarar da yawansu sun zama masu hawan jini. Malaman Kano kuwa sun zo a zamanin da al'adar ta yi sauƙi a birane, suka tarar da cutar tana nan, saboda tushenta ya fi tukunyar wanka zurfi. Har yanzu babu likitan da zai yarda mai hawan jini ko mai kumburi ta sha kanwa, ko mai haki ta zauna cikin tururi. Amma ɗora laifi duka a kan kaka da tukunyarta zalunci ne, kuma yana kawar da ido daga yarinyar da aka aurar ba ta ƙoshi ba, ta yi ciki a kan ciki, ba a taɓa auna jininta ba har ta haihu.

A manyan tarurrukan da likitocin zuciya suke yi kowace shekara a Turai da Amurka, zancen gazawar zuciya mai tsanani ya yi nisa ƙwarai. Tun ranar 3 ga Disamba 1967, da Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a asibitin Groote Schuur na Cape Town, majinyacin ya rayu kwana 18, aikin ya inganta har ana yin dubbai a kowace shekara, masu shi su yi shekara goma ko fiye. An ƙera famfo ɗan ƙarami da ake dasawa a ƙirji ya taya zuciya tura jini, yana aiki da batir da majinyaci ke ratayawa. An tabbatar da jinsin magunguna huɗu waɗanda in an haɗa su suke rage mutuwa ƙwarai, na baya-bayansu asalinsa maganin ciwon sukari ne, aka gano amfaninsa ga zuciya a 2019. Game da ciwon masu jego kuwa, Denise Hilfiker-Kleiner ta Jamus da Karen Sliwa ta Afirka ta Kudu sun nuna a 2007 cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono yana iya tsagewa ya zama guba ga ƙananan jijiyoyin zuciya, aka gwada maganin bromokriptin mai tsayar da shi a Soweto, aka wallafa sakamako mai sa rai a 2010. Amma maganin yana ƙafar da nono, wannan kuwa hukunci ne mai nauyi a gidan da babu kuɗin madarar gwangwani babu tsabtataccen ruwa, sai likita ya auna maslahar uwa da ta jariri tukuna.

Nahiyarmu ba ta zauna a baya ba wajen neman wannan ilmi. An yi aikin buɗe zuciya na farko a Nijeriya a Inugu a 1974, an kafa ƙungiyar likitocin zuciya ta Afirka baki ɗaya a Badagry a 1981, kuma wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya ƙunshi majinyata fiye da 1,000 a ƙasashen Afirka tara, ya nuna cewa masu gazawar zuciya a nan matsakaicin shekarunsu 52 ne, alhali a Turai cutar tsofaffi ce, kuma babban sababinta a wurinmu hawan jini ne, abin da ake ganewa da awo na minti biyu, a riƙe shi da ƙwayoyi masu araha. Wannan ya isa ya nuna inda ya kamata ƙarfinmu ya tafi. Dashen zuciya da famfon ƙirji ni'ima ce daga Allah ga wanda ya kai gare su, amma su ne matakin ƙarshe na tsani, matanmu kuwa a matakin farko suke faɗuwa.

A yankin Jibiya wahalar ninki biyu ce. Mace daga ƙauyukan Ɗan Isa ko na Madarumfa tana iya zama 'yar Katsina da aure ya kai ta can, ta Jibiya kuma iyayenta suna iya zama a Maraɗi, wankan gida ya ƙetarar da ita iyaka a daidai makonnin da cutar ta fi kamu, katin awonta yana wata ƙasa da wani harshe, ita tana wata. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris na 2024 Nijeriya ta ba da umarnin buɗewa. Ga kuma 'yan bindiga da suka tashi ƙauyuka, suka hana noma, suka mayar da tafiyar dare kasada. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara yunwa, yana ƙara nisa tsakanin mai haki da asibitin Katsina ko na Maraɗi inda za a iya ɗaukar hoton zuciyarta. Hukumomin ƙasashen biyu, yanzu da ake shimfiɗa titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta wannan gari, wajibi ne su tuna cewa hanyar majinyaci ta fi ta haja cancantar a buɗe ta, a yarda da takardar asibitin kowane gefe a ɗaya gefen, a kuma wadata ƙananan asibitoci da ma'aunin jini da maganin sa fitsari da ma'aikacin da ya san alamun nan.

Sauran aikin kuwa namu ne a cikin gida, kuma al'adar da aka tuhuma ita ce mafi kyawun makamin da muke da shi, domin babu wata hukuma da za ta iya sa wa kowace mai jego mai tsaro na kwana arba'in kamar yadda iyayenmu suka riga suka sa. A bar wanka, amma da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa. A bar kunu, amma a rage kanwa ƙwarai, mai hawan jini kuwa a hana ta ɗungum. Kuɗin itacen da ake ƙonawa a karkatar da rabinsa ga nama da ƙwai da wake da kifi, tun tana da ciki ba sai ta sauka ba. A koya wa ungozoma da gwaggo da kaka abu huɗu: kumburin ƙafa da fuska, haki a kan ɗan motsi, tarin dare, da kasa kwanciya sai a zaune, ko ɗaya aka gani a cikin watannin farko bayan haihuwa, a kashe wuta a nemi mota a ranar. Wadda likita ya ce zuciyarta ba ta gama komawa ba, kada a gaggauta mata wani ciki, gama shi ne mafi hatsari a gare ta, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a da malamai suka yi ittifaƙi a kansu.

Ina kira ga limamai da masu wa'azi su faɗi wannan a kan mumbari da wurin raɗin suna, inda maza suke taruwa, saboda a hannun miji izinin fita yake, a aljihunsa kuɗin mota yake, kuma shi za a tambaya gobe kiyama game da amanar da aka damƙa masa. Mutumin da ya iya sayen ragon suna bai da uzurin barin uwar ɗan tana haki har mako ya zagayo. Allah ya ba masu ciki sauka lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuma saka wa malaman da suka ƙarar da rayuwarsu wajen binciken wannan cuta da mafificin alheri, amin.